Taurari Biyar da Waken Baba

Bari in fara da mai daɗin, don in na fara da ɗayan ba lalle in dawo kan wannan ba. Yarona ya fara zama! Shi kaɗai, ba matashi a baya, ba hannun kowa. Ranar Talata na kwantar da shi a tabarma zan kwashe tuwo, ina waiwayowa na gan shi zaune daram kamar mai unguwa ya zo sulhu, yana kallona yana dalalar da yawu. Na saki mara na rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko haihuwa aka yi. Wata biyar da kwana tara fa. Sunansa Uwais, na faɗa sau ɗaya ke nan, ɗan fari ne, kada a sa ni in maimaita. A gida Malam Ƙarami muke ce masa.

Akwai na biyu ma. Na yi aiki da kamfani. Ni Fanta, da na tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare, har aka kira ni Malama a waya. To a nan ne zancen ya karkace, shi ne kuma nake so in ba ku, don ya tsaya min a wuya.

Ƙauyenmu yana gefen Ɗambatta, rabin awa a babur in hanya ba yashi. Gidan mijina da gidan Babana gida huɗu ne tsakani, kusan kullum ina can. Babana, Malam Madu, manomi ne, gero da dawa da wake. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana, Uwata yake cewa. Innata kuwa kafin Allah ya karɓi abarsa awo take yi a cikin gida, a gindin faifanta na tashi. Tun ban iya ɗaura zani ba na san kwanon gaskiya, na san wanda aka buga wa gindi don ya rage ci.

Farkon bazara Yaya Humaira ta zo hutun kwana biyu. 'Yar wan Babana ce, tana karatu a kwalejin Bici. Ta same ni ina tankaɗe, ta karɓi yaron ta cilla shi sama, ta ce, "Ke Fanta, har yanzu kina gane wake in an rufe miki ido?"

Na ce, "Yaya, ko a mafarki. Ki zuba min a tafin hannu in gaya miki gonar da ya fito."

"To na samo miki aiki. Kin san AI ɗin nan da mutane suke tambaya a waya yana ba su amsa?"

"Wanda maigidan yake tambaya labarin ƙwallo?"

"Shi. To shi bai san farashin komai ba, bai taɓa taka kasuwa ba. Wani kamfani ne ya yi kamar rumbu a cikin intanet, suna zuba farashin hatsi na kasuwanni a ciki. In manomi ya kira ya ce nawa ake sayar da gero, sai AI ɗin ya tura wakilinsa ya ɗebo amsa a rumbun."

Na ce, "Wakilin mutum ne?"

Ta yi dariya. "Na'ura ce ita ma. Ke dai ki ɗauka baƙo ne aka aika, bai san garin ba, bai san kowa ba. A ƙofar rumbun an manna 'yar takarda, irin ta jikin kwalbar magani, tana gaya masa abin da yake ciki da yadda zai tambaya. Ita kaɗai yake bi. In takardar ta faɗi komai, ya kawo daidai. In ta tsallake wani abu, shi ba zai tsaya tambaya ba, cikewa zai yi da ka."

"To ni ina ruwana da takardar baƙo?"

"Duba ta za ki yi. Ni na duba Turancin, ya tsaru. Amma suna son wadda ta san kasuwa ta saurare ta da Hausa, ta faɗa musu ko ta yi ko ba ta yi ba. Ba rubutu a ciki. Ki danna nan ki yi magana, in kin gama ki saki."

Ta sa min abin a wayata, ta nuna min wurin dannawa sau biyu, washegari da safe ta koma Bici.

Na bari sai bayan azahar, Malam Ƙarami ya yi barci. Na zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida, na buɗe. Sai ga muryar namiji, mai sanyi, Bakano sak.

"Assalamu alaikum, Malama. Sunana Abdulbasit, ni na rubuta wannan bayani, kwana uku na yi a kansa. Mun gode da kika ba mu lokacinki. Saninki yana da daraja a wurinmu."

Wallahi har ɗankwali na gyara. Na amsa sallama, na tambaye shi iyali, bai amsa ba, na ce ko sabis ne. Ban san ɗaukar muryar aka yi aka ajiye ba. Sai ya karanto takardar.

"Wannan rumbu yana ba da farashin kayan gona na yau a kasuwannin Kano. A faɗi sunan kaya, a faɗi sunan kasuwa, zai ba da kuɗin buhu."

Na jira ya ci gaba. Ashe ya gama. Kwana ukun ke nan.

Ni kuwa tun kafin ya rufe baki kaina ya cika. Sunan kaya? To mutum ya ce wake. Wane waken? Kanannado mai manyan ƙwaya da 'yan birni suke rububi, ko ɗan ila ƙanana irin na Baba? Ai tsakaninsu akwai tafiya. Buhu kuma wane? Mai kwano arba'in da muke ɗinkewa a nan, ko ƙaton nan da ake wa baki da wani rabin buhun? Na yau? Ɗambatta ranar Lahadi take ci, in mutum ya tambaya ranar Laraba, na wace yau za a ba shi? Sannan kuɗin da dillali yake saye a hannun manomi ne, ko wanda yake sayar wa mai shago? In kuma rumbun ba shi da farashin kasuwar da aka ambata, shiru zai yi, ko na wata kasuwar zai ɗauko ya miƙa? Ba ko ɗaya a takardar. Innata da ta ji wannan da ta ce wanda ya rubuta bai taɓa riƙe kwano ba.

Muryar ta ce, "Tambaya ta ɗaya. Shin bayanin ya faɗi aikin rumbun a fili?"

Na danna na ce, "To... ba laifi." Na saki.

Ku da kanku kun san irin wannan ba laifin. In kika yi miya kika tambayi uwar miji, ta ja numfashi ta ce to, ba laifi, ai kin san gishiri ya zarce. Sai ki ce, Inna, faɗa min dai. Sannan ta faɗa. Bawan Allah ya ce kwana uku ya yi, ya ce min Malama, yanzu muka gaisa, sai kawai in buɗe baki in ce aikinka bai yi ba? Wa ya raine ni? Na ja ba laifin nan da tsawo yadda ko kurma zai gane akwai magana a bayansa, na yi shiru ina jiran ya ce, amma fa?

Sai ya ce, "Mun gode. Tambaya ta biyu. Shin bayanin ya fayyace abin da za a faɗa wa rumbun?"

Na ce a raina mai haƙuri ne, so yake ya gama jerowa. Na ce, "Hmm. Shi ma dai ba laifi."

Tambaya shida ya yi, ba laifi shida na ba shi, kowanne ya fi na baya nauyi. Ban damu ba, don na san yadda ake yi. Baƙo ma ai ba a zaune yake faɗin abin da ya kawo shi ba, sai an tashi rakiya an kai zaure. Na shirya maganata tsaf, zan fara da wake in ƙare da buhu. Ina jiran rakiyar sai wayar ta yi ƙara, ƙil! Taurari suka fito, jeri shida, kowane jeri biyar, rawaya, suna ƙyalli. A ƙasa an rubuta, An kammala.

Jama'a, ni na ɗauka ni aka ba.

Ni da ban taɓa cin bakwai cikin goma ba a makaranta, yau ga biyar cikin biyar har sau shida. Na manta da wake, na manta da buhu. Na suri yaron yana barci na goya, ko takalmi ban sa daidai ba, sai gidanmu.

Baba yana ƙofar gida yana sa wa fartanya ƙota, shi da amininsa Kawu Mati. Na durƙusa ina haki na miƙa masa wayar. Ya karɓa a juye, ya nisanta ta da fuska.

"Uwata, mene ne wannan kamar an watsa masara?"

Na ba shi labari, rabi a gaba rabi a baya. Ya miƙa wa Kawu Mati.

"Mati, ƙirga min."

"Biyar."

"Cikin nawa?"

Na ce, "Cikin biyar, Baba."

Ya ajiye fartanyar. "To ka ji. Kai da kake cewa na cire ta daga makaranta na yi asara. 'Ya'yan wasu sun ƙare jami'a suna zaune a gindin bishiya, tawa tana goye da ɗa tana koya wa na'ura awo."

Kawu Mati ya ce, "Gadon uwarta ne, ba naka ba. Kai ko kwanon furarka ba ka iya aunawa."

Suka yi ta dariya. Kafin magariba duk layin an ji.

Bayan kwana biyu Yaya Humaira ta kira. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ke Fanta, ashe bayanin ya burge ki haka? Biyar kika ba su a komai."

Na ce, "Wa na ba biyar? Ni aka ba biyar."

Sai ta jefo min tambaya.

"Me kika ce musu?"

"Ba laifi na ce. Ina jira ya tambaye ni in faɗa masa, bai tambaya ba."

"Innalillahi. Fanta, ba mutum a wurin. Na'ura ce take juya maganarki Turanci ta ba da maki. Ta rubuta kin ce babu kuskure ko ɗaya. Taurarin nan ke kika ba takardar."

Na ji kamar an kwara min ruwan randa. Na ce, "To a buɗe min in sake, wallahi akwai gyara ya fi biyar."

"Sau ɗaya ake yi, an rufe. Ki faɗa min gyaran in tura musu saƙo."

Na faɗa mata duka, ta ce ta rubuta. Ban gaya wa Baba ba. Da wane bakin? Na ce wa kaina, abin intanet ne, yana can sama, yaushe zai sauko ƙauyenmu.

Sati uku ya ɗauka. Ƙungiyar manoman garinmu ta raba wata lamba bayan sallar Juma'a, aka ce ka kira kyauta, ka tambayi farashi da Hausa a gaya maka. Baba ya sa aka rubuta masa ita a bayan katin zaɓensa.

Baba yana da wake buhu shida, ɗan ila, tun kaka ya ɗaure su a buhu mai leda don kada ƙwaro ya shiga. Duk shekara haka yake yi, ya riƙe sai gab da damina, ya sayar ya sayi takin zamani. Gonakinsa biyu, ta bayan gari da ta bakin rafi, kuma ƙasar nan tamu ta gaji, in ba taki ko tsayin gwiwa dawa ba ta kaiwa. Waken nan shi ne takin, takin shi ne tuwon gidan na shekara.

Ranar Laraba ina gidan Baba sai ga Alhaji Najib, mai bin ƙauyuka da mota yana sayen hatsi. Shekara da shekaru shi yake ɗaukar waken Baba a ƙofar gida. Ina daga zaure ina jin su. Ya taya dubu saba'in da biyu kowane buhu, kuɗi a hannu, ba ɗawainiyar mota.

Baba ya ce, "Dakata, Alhaji." Ya ciro waya, ya sa a lasifika yadda kowa zai ji. "Salamu alaikum. Nawa buhun wake a Ɗambatta?"

Wata murya ta mace, mai zaƙi, ta ce, "Buhun wake a Ɗambatta yau naira dubu casa'in da biyar ne."

Ina ji na gane. Wannan kuɗin kanannado ne, a ƙaton buhu, kuma na rantse ba na Ɗambatta ba ne, na babbar kasuwar birni ne.

Alhaji Najib ya yi dariya. "Malam Madu, in akwai mai saye haka ka nuna min shi, ni ma in kai masa nawa."

"Ai ka ji da kunnenka. Kuma wannan ba zancen tasha ba ne, 'yata ce ta duba abin da kanta, taurari biyar. Shekara nawa kana cin guminmu, Alhaji?"

"Allah ya ba da kasuwa," in ji Alhaji Najib. Ya kaɗe rigarsa ya shiga mota.

Da Baba ya shigo na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, don Allah ka sa a kira Alhaji ya dawo. Abin nan bai san wake ba. Ni na yi kuskure. Taurarin ba nawa ba ne, ni na ba su, kuma ban yi niyya ba."

Ya dube ni yana murmushi. "Ke kika ba su?"

"Ni ce, Baba."

"To ai ya fi. Da na ɗauka su suka yaba miki, ashe ke ce alƙaliyar. In ke kika ce ya yi, wa zai ce bai yi ba?"

"Ban ce ya yi ba, ba laifi na ce."

"To da laifin ne?" Ya karɓi jikansa daga bayana ya ɗora a cinya. "Uwata, na san halinki, ba kya son a yabe ki a gaban mutane. Haka mai sunanki take. Tashi ki kawo min ruwa."

Na kawo ruwan. Na faɗa a lulluɓe na'ura ba ta gane ba, na faɗa a buɗe Baba bai yarda ba.

Ina komawa gida na kira Yaya Humaira. Tana cikin jarrabawa, da ƙyar ta ɗauka. Ta ce saƙon da ta tura amsa ɗaya ya samu, cewa an karɓa, za a duba a zagaye na gaba. Na ce yaushe ne zagaye na gaba? Ta ce ba su faɗa ba. Na ce ta ba ni lambar Malam Abdulbasit. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta ma da tabbacin sunansa ke nan. Ta ce za ta kira Baba. Ta kira kuwa, ya ce mata ta mai da hankali kan karatunta, harkar wake ta bar wa Fanta.

Sai na kira lambar da kaina. Na ce in babu mai ji na, bari in yi da ita mai zaƙin muryar.

"Nawa buhun wake a Ɗambatta?"

"Buhun wake a Ɗambatta yau naira dubu casa'in da biyar ne."

"Wane waken?"

"Wake."

"Kanannado ko ɗan ila?"

"Bayanin da nake da shi bai raba su ba. Farashin wake ne."

"To wane buhun?"

"Buhu ɗaya."

"Baiwar Allah, yau Laraba. Ɗambatta ba ta ci yau. A ina kika samo na yau?"

"Daga rumbun farashi. An tantance bayanin rumbun, wata masaniyar kasuwa ta yankinku ta ba shi cikakken maki."

Na miƙe tsaye. "Ni ce masaniyar! Ni ce, kuma na janye!"

"Madalla, ina taya ki murna. Akwai wani farashin da kike son sani?"

Malam Ƙarami ya ji na ɗaga murya ya ɗauka wasa ne, ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana buga ƙafa. Na zauna a bakin turmi, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba.

Da maigidan, Sha'aban, ya dawo daga ɗinki na zayyana masa komai, na ce ya je ya yi wa Baba magana, namiji da namiji. Ya ajiye cokali.

"Ni? In je in tsuguna gaban surukina in ce masa bai san kuɗin wake ba? Mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi?"

"To ka samu Kawu Mati."

"Kawu Matin da ya riga kowa karɓar lambar? Fanta, ki yi addu'a kawai. Wa ya sani, ko kasuwar ta tashi."

Na yi addu'ar. Alhamis, Juma'a, Asabar, ba abin da na roƙa sai Allah ya sa wake ya yi tsada. Ni da kullum nake kukan tsadar wake in zan yi alala.

Ranar Asabar da yamma Baba ya kwance ledojin, ya juye waken a buhunan kasuwa ya ɗinke. Ina tsaye ina kallo. Duk wanda ya san wake ya san in ka buɗe leda a wannan zafin ka gama, ba a mai da shi, sati biyu ƙwaro zai mai da shi gari. Na ce, "Baba, ko za ka bar uku a ɗaure, ka gwada da uku?"

Ya ce, "In biya mota sau biyu? Riƙe min bakin buhun nan."

Na riƙe masa. Da hannuna.

Lahadi da sassafe a-kori-kura ta zo. Ba waken Baba kaɗai ba ne a ciki, akwai na mutum huɗu daga layinmu, duk sun kira lambar. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya hau gaba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Me zan sayo wa maigidana?" Yana nufin jikan. Na ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya.

Ranar ban iya cin abinci ba. Na share tsakar gidan Baba, na wanke masa buta, na sake sharewa. Duk ƙarar mota sai na leƙa.

Bayan la'asar suka dawo, motar ba kaya sai buhunan taki a baya. Na ƙirga daga zaure. Uku aka sauke a ƙofarmu. Biyar yake saye duk shekara, bana har yana cewa zai ƙara ɗaya.

Ya shigo ya zauna a tabarma, rigar ta yi ja da ƙura. Na kawo ruwa ya shanye, na ƙaro. Ban tambaya ba, shi ya faɗa.

"Sittin da biyar. Wake ya cika kasuwa kamar an yi kaka, kowane ƙauye sun kawo. Na sa musu wayar a kunne, dillalan nan suka yi ta dariya, wani har yana cewa in sayar wa matar cikin wayar." Ya goge fuska. "Na tsaya har azahar. In dawo da shi ƙwaro ya cinye, ga kuɗin mota. Na sallama."

Na ce, "Baba, ka yafe min."

"Me kika yi? Haɗa baki suka yi, Uwata. Sun ji an samu abin da zai tona musu asiri, shi ne suka karya farashin da gangan. Na'ura ba ta ƙarya, ba ta da cikin da za ta ci haram." Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar hula ja mai kunnuwa, ta jarirai, ya ɗora wa yaron a ka. Ta yi masa yawa, ta rufe masa ido ɗaya. "Ka ga angon. Gonar bakin rafi ta haƙura da na zamani bana, ukun nan na bayan gari ne."

Gonar bakin rafi ita ce ta dawa. Ita take kai gidan har watan azumi.

Washegari da hantsi na kwashe tokar murhuna, na share kashin awakina biyu, na haɗa da sharar bayan ɗaki. Kwando ɗaya ya cika, bai ma yi tozo ba. Na goya yaron, na ɗora kwandon a ka, na bi hanyar rafi. Na tarar da Baba yana sauke mangalar taki daga jaki, na turken gida, yana zubawa tsibi-tsibi, tsakanin kowane tsibi da ɗan'uwansa sai ka yi taku goma. Gonar ta yi min faɗi yadda ban taɓa ganinta ba. Kawu Mati yana tsaye a kan iyaka da wayarsa a hannu.

Baba ya ce, "Sannu, Uwata. Zuba a can, wajen da ƙasar ta yi fari."

Na zuba. Iska ta ɗebi rabin tokar.

Kawu Mati ya ce, "Yawwa, ga mai abin ma ta zo. Fanta, dawata nake so in fitar ran Lahadi. Na kira ɗazu, kuɗin da ta faɗa min har sai da na zauna."

Na ajiye kwandon. Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce, "Kawu, kada ka bi ta. Bayanin da aka rubuta mata bai cika ba. Ba ta san farar dawa da kaura ba, ba ta san girman buhu ba, ba ta san ranar kasuwa ba. Akwai laifi, Kawu. Laifi ne babba."

Ya dubi Baba, Baba ya dube shi.

"Madu, 'yar nan taka akwai kawaici. Wani ne da tuni ya buga ganga."

"Na gaya maka ai," in ji Baba. Ya kama igiyar jakin ya ja shi gaba. "Ka dai riƙe farashinka, kada ka yi saurin sallamawa irina."

Na ɗauki kwandona. Daga nan zuwa ƙarshen gonar na ƙirga wuraren da suka yi fari, goma sha ɗaya ne, awakina kuma biyu.